Hancina da Hanyar Kebbe

Taubasaina Fulani sun ishe ni da tsiya kan faɗin hancina, sai na je Sakkwato aka yi mini allurar ɗaga hanci. Mai allurar ta ce, "Malam, kada ka danne shi sai ya zauna." Na yi dariya. Wa zai danne?

Ashe ni ne. Washegari a sallar Juma'a na kifa shi cikin sujada, na ji abu ya gusa. Na ɗago, na tabbata ruɓewa zai yi a yanke shi. Bai ruɓe ba, karkacewa ya yi.

Hancin ya daɗe da komawa yadda yake. Amma har yau a tashar Tambuwal, in baƙo ya tambayi hanyar Kebbe, 'yan kabu-kabu ni suke nunawa: "Bi hancinai."