Daron Ndakotsu a Majigi

Ranar da Ndakotsu ya dawo daga Kaduna, sama ma ta san babban mutum ne ya sauka. Tun hantsi hadari ya haɗo ta wajen Bosso, ya yi baƙi ƙirin, ya tsaya yana jira. Bai saki ko ɗigo ba sai da jirgin ƙasa ya tsaya, Ndakotsu ya sako ƙafar dama ƙasa, ya buɗe lemarsa. Sannan aka kece da ruwa. Shi da bakinsa ya gaya wa mutane haka, mutum irinsa kuwa ba ya ƙarya sai ta kama.

Damina ta biyar ce bayan samun 'yanci. Ndakotsu mutumin Bida ne, amma shekararsa ashirin a Minna yana sayar da kwanuka a bakin kasuwa. Cikakken mutum ne ta kowane gefe, in ya zauna a benci, benci ya cika. Yana da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da alƙalami uku a aljihun gaba, ɗaya daga ciki har rubutu yake yi. A saman kantinsa akwai shuɗin allo da wani kamfanin kwanuka na Kaduna ya kafa masa, an rubuta Babban Wakili. Kullum da safe sai ya gaida allon nan da tsumma kafin ya gaida maƙwabta.

To, allon ne ya kai shi Kaduna. Kamfanin ya aiko masa da tarago guda na sabon daro, fari mai jan baki da fure a ciki, manaja kuma ya kira shi ya gaya masa a fili. Kafin a gama cin sabuwar doya zai zo Minna. In ya tarar da daro a jibge, zai cire allon ya kai wa wani.

Wani da ya ji haka sai ya dawo da fargaba. Ndakotsu kuwa ilimi ya samo. A zauren otal ɗin da ya sauka ya ga akwatin talabijin, ya ga tallar sabulu a ciki. Minti goma sha biyar ya kalla aka ɗauke wuta. Sun ishe shi. Akwai masu shekara suna koyon abu, amma wannan sai marasa kai.

Kashegarin dawowarsa ya tara duk wanda ya fake wa ruwa a rumfarsa, ya gyara murya.

"Ku mutanen Minna da baki kuke talla, kamar masu ƙosai. A Kaduna da ido ake yi. Shi ido abu uku yake so. Na ɗaya, ya ga babban mutum. Na biyu, ya ga mace tana murmushi. Na uku, a yi ta maimaita masa har ya gaji ya saya."

Wani ya tambaya a ina za a samo babban mutumin. Ndakotsu ya dai gyara hannun rigarsa. Kafin azahar kasuwa ta naɗa shi Sarkin Ido, ya kuma karɓi sarautar hannu bibbiyu.

A lokacin babu mai akwatin talabijin a unguwarmu, sai dai majigi, motar nan mai zuwa da farin ƙyalle da injin wuta, ta nuna fim a fili bayan magariba. Sarkin Ido ya yi magana da mai majigin, ya yarda zai saka tallarsa. Sannan ya aiko aka zo da wani Gabriel daga Kaduna, mai ɗaukar fim da na'ura mai ƙafa uku. Gabriel ya ce fim ɗin da ya kawo na minti huɗu ne, ba ƙari. Ndakotsu ya ba shi umarni guda: "Duk abin da ka ga na yi, ɗauka."

Matarsa Murja, wadda ita ce ta san inda kowane kwano yake a kantin, ta tsare shi a ƙofar ɗaki.

"Maigida, su wa ke sayen daro a garin nan?"

"Jama'a."

"Matan Gbagyi ne, masu kawo doya. Ka taɓa duba yadda suke ɗaukar kaya?"

"Murja, ni abin zubawa nake sayarwa. Ɗauka kuma aikin mai ɗauka ne."

Ka ji magana ta manya. Shekara ashirin matan nan suna wucewa ta gaban kantinsa da kaya a kafaɗa, cikin babbar ƙwarya, hannu ɗaya a ɗage yana tallafe da ita. Ba sa sa kaya a ka. Sukan ce kai ya riga ya ɗauki nasa, tunda shi ke tunani. Yaron goye ma a Minna ya san wannan. Amma ranar da Ndakotsu ya taɓa lura, ɗauka ya yi wuya suke hutarwa.

Aka sa ranar Asabar da hantsi, a gaban kanti. Macen da za ta yi murmushi ita ce Alisabatu, mai sayar da doya daga Fadikpe, an zaɓe ta saboda wushiryarta. Amma babban mutum ne na ɗaya, don haka aka fito da kujera. Ndakotsu ya zauna cikin rigarsa mai aska takwas, ya sa aka janye daron gefe don yana tare masa takalmi, ya fara jawabi. Ya taɓo tarihin Bida. Ya taɓo ci gaban ƙasa.

Gabriel ya ɗago kai. "Oga, wannan ba ya ɗaukar magana fa."

"Zai ɗauki kamanninta. Ci gaba."

Minti uku suka tafi a kan kamannin magana. Saura ɗaya.

Aka zuba doya shida a daro. Alisabatu ta sunkuya, ta ɗaga, ta aza a kafaɗa, ta tako kamar ba ta ɗauki komai ba, wushirya a waje. Masu kallo har sun fara tafi. Sarkin Ido ya miƙe ya ɗaga hannu tun kafin Gabriel ya kunna na'ura.

"Me nake gani haka? A Kaduna a ka ake ɗauka."

"Baba, ni ba 'yar Kaduna ba ce."

"Sa a ka, minti ɗaya kawai."

"Uwata ba ta sa ba, kakata ba ta sa ba. Ni zan fara, a majigi, duk Fadikpe na kallo?"

"Na ba ki daron kyauta."

"Ba ni biyu ma, Baba. A kafaɗa zan kai su gida."

Ta sauke daron a gabansa, ta naɗe hannu. Gabriel ya dubi sama ya ce hadari na tasowa, haske zai tafi, shi kuma jirgin ƙarfe huɗu zai bi. Ndakotsu ya dubi matan da ke wurin. Kowacce ta sami abin dubawa a ƙasa.

A irin wannan wuri ake gane shugaba. Ya cire hularsa ya miƙa wa Murja, ya ce, "Bari in nuna miki, abu ne mai sauƙi." Mutum biyu suka kama suka aza masa. Babu gammo. Gabriel kuwa mutum ne mai riƙe umarni, ya ga Oga yana yin abu, ya ɗauka.

Rabon Ndakotsu da kaya a ka shekara talatin. Kan ya yi sanƙo, gindin daron kuma sumul yake. Takun farko ya fito da martaba. A na biyu daro ya ce shi hagu za shi, Ndakotsu ya bi shi. Daro ya sake shawara ya yi dama, ya sake binsa, hannuwa a buɗe, riga ta baje kamar ungulu na shan hantsi. Doya ta fara sauka ɗaya bayan ɗaya, kowacce da inda ta nufa. Ta shida na fita daron ya zame ya kife masa a ka har haɓa. Nan fim ya ƙare.

Gabriel, da yake yana da tausayi, ya ce in ya koma zai yanke ƙarshen.

"Me zai rage?"

"Jawabinka, Oga."

"Da daron a ciki?"

"Ai ka sa an janye shi."

Ndakotsu ya shafa sanƙonsa. Shi bai ga kansa ba, abin da ya tuna shi ne ya ɗan karkata kaɗan. Ya ce a bar shi yadda yake, jama'a su ga mai kaya bai raina kayansa ba.

Bayan mako uku aka kafa ƙyalle a filin Ketaren Gwari. Sarkin Ido ya zo da kujerarsa ya zauna a gaba. Minti uku bakinsa na motsi a ƙyalle, babu sauti, mutane na gardamar goro yake ci ko addu'a yake yi. Sai ga daro. Kai, Allah ya ba mu lafiya. Mata suka riƙa faɗawa jikin juna. Wani tsoho ya yi dariya har aka kawo masa ruwa. Jama'a suka ce a sake. Mai majigi ya juya fim baya fitila a kunne, sai ga daro ya tashi daga fuska ya hau kai, doya na tsalle daga ƙasa tana komawa ciki ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi na farkon ma. Sau bakwai aka yi gaba aka yi baya.

Ndakotsu na ƙirgawa da yatsu, fuska cike da haske. Ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Ka gani? Doka ta uku kenan, kuma su da kansu suke roƙo. A Kaduna ma sau biyu ake yi."

Gaskiya talla ta yi nisa. Masunta suka riƙa takowa daga Tagwai don su gani. Motar majigi ta zaga da fim ɗin ƙauyuka. Kanti ya cika maƙil kullum, mutum ya shigo, ya dubi daro, ya dubi kan Ndakotsu, ya fita yana riƙe da ciki don dariya. Matan Gbagyi suka ce daron ɗauka a ka ne, tunda mai shi ma bai yarda ya sa a kafaɗa ba. Matan Nufawa da na Hausawa, masu ɗauka a ka, suka ce sun gani da idonsu, ba ya zama a ka. Ba kowace talla ce ke isa ga kowa da kowa haka ba. A wata guda Murja ta sayar da huɗu, duka ga wani mai kiwon agwagi. Alisabatu kuwa doyarta ba ta kai azahar, kowa na neman irin ta majigi.

Ranar zuwan manaja Sarkin Ido ya shirya dabara. Zai tarbe shi a tasha, ya ratsa da shi gari a ƙafa, ya ga farin jini tukuna kafin ya ga kanti. Dabara kuwa ta fara ci. Tun a kan dandamali ake nuna shi da yatsa, ana ɗaga masa hannu, mai sayar da tikiti har leƙowa ya yi ta taga.

"Ka gani, ranka ya daɗe? Daga nan har ƙauye babu wanda bai san fuskar nan ba. Wannan shi ake kira talla."

Manaja ya gyaɗa kai, ya fara murmushi.

Sai ga wata tsohuwa ta sauko daga jirgin, tana jan buhun dawa. 'Yan dako suka yi mata caa, ta ratsa su duka, ta zo ta tsaya a gaban Ndakotsu tana kare ido da hannu.

"Kai ne na majigi ko?"

Ndakotsu ya dubi manaja, ya ƙara faɗi. "Ni ne, Iya."

"Madalla. Na gan ka a garinmu. Ba ka iya ba, ɗana, amma ba ka da ƙyuya, kuma mai koyo a tsufa abin a taimaka masa ne. Ɗauki wannan ka kai mini kasuwa. Buhu ne, ba ya zamewa."

Ta kama hannunsa ta danƙa masa toro, kuɗin dako.

Manaja ya ce a bar zagayen gari, a wuce kanti. Ya shiga ya ga daro jere har rufi. Bai yi faɗa ba, tsani kawai ya nema. Babu tsani. Sai ya kife daro uku, ɗaya kan ɗaya, ya hau da takalminsa, ƙato da shi, ya tsaya yana kwance allo. Daro ko lotsawa bai yi ba. Wasu mata biyu masu wucewa da doya a kafaɗa suka tsaya suna kallon ƙafafunsa. Ɗaya ta ƙwanƙwasa daron ƙasa da yatsa, ta juya wajen Murja ta tambayi kuɗinsa. Kafin a sauko da allon an sayi biyar.

Ndakotsu ya ce wannan ba talla ba ce, tunda babu fim.

Yana nan da ransa a Ketaren Gwari, ya tsufa, ido ya yi rauni har tabarau ya sami aiki. Murja ce ke riƙe da kantin, babu allo. Shi yana zaune a ƙofar gida, tsofaffin 'yan dakon tasha kuma in sun wuce sukan tsaya su gaishe shi, su tambaye shi ya wuya.