Yadda Za Ka Nemo Littafin Bayanin Sabuwar Ƙwaƙwalwar Na'ura, Ka Ƙi Karanta Shi

Ka gaji da tsohuwar 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ka sayo sabuwa mai ƙafafu kamar shanshani, ka rasa gabanta da bayanta? Kwantar da hankalinka, hanyata ba ta kuskure. Ni na ɗora Lukman na Dingyadi a kanta, lokacin da ya yi wa kawunsa Mode alkawarin na'urar da za ta riƙa kunna injin ban-ruwa da kanta a gonar albasarsa ta Shagari.

1. Karanta sunanta da ido ɗaya.
Lukman ya ɗaga ta a rana, ya ga harafin ƙarshe ya goge. Na ce ya cike da wanda ya kwanta masa.

2. Sauke littafin da waya ta fara nuna maka.
Nemi tudun da sabis yake. Na Lukman ya fito jibgege, ya kalli bangon, ya ji ya ƙoshi. Mu masana leƙe muke yi.

3. Ɗauka halinta ɗaya da tsohuwar.
Tsohuwar wuta mai ƙarfin bolt biyar take ci, ya ba sabuwar biyar. Ta yi ƙauri. Na ce sabawa take yi. Ya sayo wata.

4. Gwada a gonar mutane.
Injin ya tashi, Lukman ya gyara hula. Ƙasa ta jiƙe, ta cika, injin bai tsaya ba. Kawu Mode ya dube shi daga cikin laka.
"Lukman, albasa muka shuka ko shinkafa?"
"Kawu, ƙafa ɗaya ce ta samu matsala."
"Ni biyu nika da su, duk suna cikin ruwa. Kashe wanga abu."

5. Yanzu karanta.
Kunya ta zaunar da Lukman. Ya nemo littafin ainihin samfurin, ya tarar ƙafar da ya ɗaura wa ma'aunin danshin ƙasa, mai sa injin ya tsaya, ba aikinta ba ne. Ya gyara, albasa ta tsira. Kawu ya yarda da na'urar, amma kullum yana zaune kusa da makunni, yana gadinta.

Gargaɗi: in taka ta yi hayaƙi, babu ruwana. Kada ka neme ni kasuwar Bodinga, na canja rumfa. Littafin kuwa, ina nan a shafin farko.