Lubiyar Alhaji Haladu

Duk wanda ya ce an daina haihuwar manyan mutane a ƙasar Kazaure, to bai taɓa zama a ƙofar gidan Alhaji Haladu da la'asar ba. Shekara talatin da biyar ya yi a ofis yana buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya lura gwani ne ke zaune a bayan teburin. Shi kansa bai lura ba sai da ya yi ritaya. Watansa biyu a gida ya gano Allah ya yi masa baiwar waƙa. A wata na uku ya gano ta wasan kwaikwayo. A na huɗu ya haɗa su wuri ɗaya, ya sa aka buga masa kati: Alhaji Haladu, Sarkin Amsa-amo na Kazaure, Roni, Gwiwa da Kewaye. Ba wanda ya naɗa shi, amma kuma ba wanda ya fito ya yi takara da shi.

Amsa-amo, ga wanda bai samu halartar majalisar Alhaji ba, shi ne sautin da ƙarshen layukan waƙa ke haɗuwa a kansa. Alhaji ya zaɓi nasa tun ranar farko, ya riƙe shi da amana irin wadda aikin gwamnati bai taɓa gani daga gare shi ba. Nasa shi ne "iya". Duniya, gaskiya, zuciya, rijiya. Kalmar da ba ta ƙare da haka ba, sai ta jira a waje. Mutanen unguwa, da yake suna da ladabi, a gabansa Sarki suke ce masa. Idan ya juya baya kuwa, Alhaji Iya-Iya.

"Maganar zube," in ji shi, yana gyara hannun babbar rigarsa, "ta masu cinikin albasa ce. Kowa na iya buɗe baki ya zubo. Amma a ce sarki ya yi fushi cikin baiti, bawa ya ba shi haƙuri cikin baiti, a yi saki cikin baiti, a mayar da aure cikin baiti, wannan sai mu. Mu ɗin ma ba mu da yawa. In an tsananta bincike, ni kaɗai ne."

Wasanni bakwai ya rubuta, duk suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, inda suke jiran al'ummar da ta isa ta fahimce su.

Sai ga dama ta zo a kan babur. Dunoma, wani ɗan kasuwar hatsi daga Babura, shi ne shugaban wata ƙungiyar manoman wake. A bara, a wani ƙauye kusa da Gwiwa, gida guda mutum tara suka kwanta asibiti bayan sun ci wake, tsohuwar gidan ba ta tashi ba. Maganin feshi aka zuba a buhun don kada ƙwari su ci. Ba su kaɗai ke yin haka ba, kuma ga kaka ta sake zagayowa. Ƙungiyar ta yanke shawarar a yi ɗan wasa ranar kasuwar Gwiwa, na minti ashirin, a nuna wa mutane illar abin, a kuma nuna musu buhu mai leda a ciki wanda ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Wani wanda Allah kaɗai ya san abin da Dunoma ya yi masa ya ce ai akwai marubuci a Kazaure.

Alhaji ya saurare shi ido a lumshe.

"Minti ashirin," ya ce. "Malam Dunoma, a minti ashirin ko gaisuwa ban gama ba. Amma je ka. Al'umma ta kira, alƙalami zai amsa."

Alƙalami ya amsa da baiti ɗari uku da sittin.

'Yan wasan ba baƙi ba ne a harkar. Akwai Dela, mai tuwo-tuwo a bakin tasha, wadda ta shekara goma tana fitowa a wasannin faɗakarwa, kuma in ta yi kuka a dandamali har maza sai sun sunkuyar da kai. Akwai Silvanus kafinta, haifaffen Kazaure duk da iyayensa daga Filato suka zo, mai murya kamar ana buga ganga. Shi zai kafa dandamali, shi kuma zai fito a likita. A ranar gwaji ta farko, a farfajiyar gidan Alhaji, Dela ta saurari wasan daga farko har ƙarshe, sannan ta ɗaga hannu.

"Alhaji, Allah ya ƙara basira. Amma ban ji an ambaci wake ba."

Alhaji ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗalibin da ya yi tambayar da ake jira.

"Wake! Ki faɗe shi ki ji. Wa-ke. Da me zai haɗu? Da keke? Kalma ce marar asali, ba ta da gindin zama a baiti. Na koma Larabci na ɗauko sunansa na gaskiya: lubiya. Ji yadda ta zauna. Lubiya, duniya. Kamar tare aka haife su."

Maganin feshi ma bai tsira ba, ya koma "ruwan tsiya". Buhu mai leda ya zama "ma'ajiya". Silvanus ya ce a iya saninsa likita ba ya tsayawa rera baiti talatin a kan mutumin da ke amai. Alhaji ya ce wannan likitan asibiti ke nan, shi kuwa likitan adabi ya rubuta. Dunoma ya roƙa a sa kalmar wake ko sau ɗaya, ko a tsakiyar layi ne inda ba mai ganinta. Alhaji ya miƙe tsaye.

"Ka taɓa ganin an je wa maƙeri da shawarar yadda zai riƙe guduma? Ku kun san buhu, ni na san baiti. Wasali ɗaya aka taɓa, na janye wasana, tarihi kuma zai rubuta sunan wanda ya jawo."

Saura kwana shida, kuma an riga an yi shela. Dunoma ya bar wa tarihi.

Ranar kasuwa, bayan azahar, aka kafa dandamali a gindin wata bishiya kusa da 'yan hatsi. Jama'a ta taru sosai, masu kekuna suka jingine, masu babura suka kashe inji. Alhaji ya hau da rawani wanda ba a san shi da shi ba, ya karɓi lasifika don gabatarwa ta minti biyu. Ya fara da ranar haihuwarsa. Ya bi ta makarantar firamare, inda malamai suka kasa gane shi. Ya yi bayanin bambancin baiti da ɗango ga mutanen da suka baro awakinsu a hannun maƙwabta. Da ya iso shekarar da ya yi ritaya, masu sayar da rake sun sayar da rabin kayansu, shi ne kawai amfanin da aka samu zuwa lokacin.

Daga nan ya buɗe wasan da bakinsa:

"Ya ma'abota ƙauye, ku ji gaskiya,
Akwai halaka a cikin lubiya,
Wanda ya kusance ta ya bar duniya,
Ko ya yi wata bai ga lafiya."

Wani dattijo a sahun gaba ya jira "ba" ɗin da ya kamata ya rufe maganar, bai zo ba. Amsa-amo ya cinye shi.

Amma abin mamaki, kasuwa ta yi tsit. Mutane suka matso. Dela ta fito tana riƙe da ciki, tana layi, ta faɗi a kan tabarma ta fara mutuwarta mai baiti arba'in. Ta ce lubiya ta yaudare ta. Ta ce ta ga lubiya fara tas ta ɗauka alheri ce. Ta ce da ta sani da ba ta doshi lubiya ba, da ta zauna da geronta. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Wani ya ce, "Allah sarki, haka ɗan ƙanena ya tafi." Alhaji, a gefen dandamali, ya lumshe ido yana kaɗa kai. Ga al'ummar da ya daɗe yana jira, ashe a Gwiwa take.

Dunoma ne ya fara jin abin da ake cewa a cikin taron. A wannan yanki da iyaka ke kusa, kusan kowa yana da wanda ya bi ta Agadas neman kuɗi. Mutane sun fahimci wasan sarai: gargaɗi ne a kan tafiya Libiya. Ruwan tsiya kuwa ai teku ne. Wani mai sayar da wake, yana zaune a kan buhunsa da ke tashin warin magani, ya ce wallahi gwamnati ta kyauta da ta kawo wannan faɗakarwa, yara su zauna gida su yi noma.

Dunoma ya zagaya bayan dandamali ya raɗa wa Silvanus. Silvanus ya shiga da rigar likita, ya durƙusa a kan gawar Dela kamar zai duba ta, ya raɗa mata. Gawa ta buɗe ido ɗaya. Sannan ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali.

"Jama'a, ku tsaya. Ba Libiya ba ce. Wake ake nufi. Wake dai, na alala da ƙosai!"

Kasuwa ta kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Dela ba ta jira ta lafa ba. Ta fizgi lasifika, ta ce maganin feshi na gona ne, ba na buhu ba ne. Ta ce wanda ya zuba shi a wake bai san bakin da zai ci ba, wataƙila na jikansa ne. Ta ambaci gidan da aka yi rashi bara, mutane da yawa sun san su, dariya ta tsaya. Ta sa Silvanus ya ɗago buhu mai leda, ya nuna yadda ake matse iska a ɗaure. Tambayoyi suka yi ta zuwa, Dunoma yana amsawa. Mai waken nan ya sauka daga kan buhunsa a hankali, ya tsaya nesa da shi kamar ba nasa ba. Duka abin bai kai minti goma ba, kuma ko layi ɗaya bai ƙare da "iya" ba.

A mota, kan hanyar komawa Kazaure, Alhaji ya juyo ya dubi 'yan wasan.

"Gawa ta tashi ba da izinin marubuci ba," ya ce. "Ta kuma tashi da maganar zube. Saura baiti ɗari biyu da goma. A ƙasar da aka san darajar adabi, da yanzu ana kotu."

Bayan kwana uku, da labari ya bazu cewa wasan Gwiwa ya yi tasiri, sai majalisa ta ji wani sabon bayani. Ashe tashin gawar dabara ce ta Alhaji. Shi ya shirya ruɗanin da gangan, don a girgiza zukata kafin a shuka ilimi. Salo ne mai zurfi, ko Dela ba ta san an yi amfani da ita ba.

Ana cikin haka wata ɗaliba mai suna Zulaikha ta yi sallama. Tana karatun Hausa a wata kwaleji, tana rubuta kundin kammalawa a kan wasan kwaikwayo cikin waƙa, kuma tana kasuwar Gwiwa ranar da aka yi abin. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ko za a taimaka mini da kwafin wasan? Ban taɓa ganin irinsa ba." Alhaji ya ba ta, ya ƙara mata da hotonsa mai rawani. Daga ranar, duk wanda ya zo wucewa sai ya ji cewa yanzu a manyan makarantu ana nazarin Haladu.

Bayan wata biyar kundi ya iso, da baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Alhaji bai buɗe ba. Ya ce abin alheri ba a cinsa a ɓoye. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi, aka dafa shayi, aka gayyato maƙwabta da tsofaffin abokan aiki, har Dunoma daga Babura. Ya miƙa wa Silvanus, saboda muryarsa, ya ce a fara da shafin godiya.

Silvanus ya gyara murya. An gode wa Allah, an gode wa iyaye, an gode wa malamai. Sannan:

"Godiya ta musamman ga Baba Alhaji Haladu, wanda ya hutar da ni yawo. Malamina ya umarce ni in nemo misalan aibobi goma sha biyu da ke ɓata wasa cikin waƙa, daga marubuta daban-daban. Na same su duka a shafi uku na farkon wasansa."

Silvanus ya dakata. Ba wanda ya kurɓi shayi.

"Ci gaba," in ji Alhaji, da wata murya siririya. "Yabon yana gaba."

"Haka kuma," Silvanus ya karanta, "mun ci karo da aibi na goma sha uku, wanda babu shi a littattafan da muka duba: marubuci ya kori kalmar da ya zo faɗa saboda ba ta dace da amsa-amonsa ba. Da yake ba shi da suna, malamaina sun amince a riƙa kiransa Haladanci. An sa shi a jarrabawar bana."