Kwalba Mai Hoton Inabi

Ranar da surukina zai zo daga Yanbu, na ce wa matata ta ji da kunafa, kayan zaƙin nan na Larabawa, abin sha kuwa aikina ne. Na zaɓo kwalba mai hoton inabi a wani kanti a unguwar Anbariyya.

Ta ce, "Maigida, ka karanta rubutun kuwa?"

Na ce, "Ni za a koya wa Larabci?"

Na sanyaya shi, na tsiyaya wa Baba, ina ta bayanin yadda zaƙinsa yake dacewa da kunafa. Ya kurɓa, ya runtse ido, sai hawaye.

Ya ce, "Ya waladi, ina salak ɗin?"

Ashe khal ne, ruwan tsamin inabi da ake zubawa a salak. Har yau in ya kira 'yarsa, sai ya ce, "Ina Abu Khal?"