Cukun da Na Ba Karen Surukina

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka je nema mini auren Rabi ba. Kare ne ya tona mini asiri, a gaban manya, ina sanye da sabuwar shadda.

Lokacin ina kabu-kabu da moto, wato babur, tsakanin Buza da Deule, kuma a Deule na ga Rabi. Ranar da ta ce in zo gida hira, ban san yadda na kai moto Buza ba don murna. Sai dai ba ta gaya mini akwai mai gadi ba. Mahaifinta, Baba Illa, mafarauci ne, yana da wani jan kare siriri mai suna Bar-su-da-halinsu, ana ce masa Barsu. Karen nan ya ƙi jinina tun ganin farko. Da ya ji ƙarar motona daga bakin gari zai fara haushi, ba zai daina ba sai na tafi. Hira uku na yi a kan moto, ƙafafuna a naɗe sama, injin a kunne (ina ce wa Rabi wai batir ne ba shi da ƙarfi).

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar da Rabi ta ce babanta yana yawan yi: wanda karensa bai yarda da shi ba, shi ma bai yarda da shi ba. Ka ga ke nan kafin in nemi Rabi sai na nemi Barsu.

Wata ranar kasuwar Buza na ga Buzuwa tana sayar da cuku, busasshe, fari tas, sai dabara ta faɗo mini. Na saya na cusa a aljihu. Da na isa, Barsu ya taso zai cinye ni, na gutsuro na jefa masa a ɓoye. Ya sansana, ya lashe, ya dube ni. Jama'a, kare ya yi shiru! Kafin sati ya zagayo har rakiya yake mini yana kaɗa wutsiya. Rabi ta riƙe baki, ta ce, "Kai, mi kay yi mishi?" Na gyara hula na ce ai mu gidanmu haka muke, jininmu ya haɗu da na dabbobi. Na faɗa ba ko kunya. Baba Illa kansa ya fara amsa gaisuwata da fara'a, har ya ce in turo magabatana. A hanyar komawa waƙa na yi ta rerawa, na wuce fasinja biyu ban gan su ba.

Ana cikin haka Barsu ya fara susa. Ya sosa kunne, ya ciji ƙafa, ya goga gadon baya a jikin rumbu. Cikin kunnuwansa ya yi ja, gashi ya fara zubewa a wuya, ga zawo, ga wata iska da yake saki wadda in ta tashi sai mu matsar da tabarma. Na tausaya masa ƙwarai, don zuwa lokacin ni ma na fara son sa. Me kuke tsammani na yi? Na ƙara masa cuku. Na ce mara lafiya ne, bari ya samu abin marmari.

Na lura gidan ya yi tsami, amma Rabi ta ce rigimar manya ce tsakanin babanta da ƙaninsa Baba Amadu, ban tona ba. Ni dai hankalina yana kan ɗinkin shadda.

Ranar ta zo. Na ɗauko Kawuna a moto da ƙullin goro, na tsaya waje kamar yadda ya kamata. A al'ada Baba Amadu ne zai karɓi goro ya ba da Rabi, tunda uba ba ya ba da 'yarsa da kansa. Na jira in ji an shafa fatiha, sai na ji murya tana tashi. Can Kawu ya leƙo ya ce in shigo in gaida iyaye, ko ganina zai sa su sassauta. Na shiga na durƙusa.

Baba Amadu yana zaune ya juya wa wansa baya. Ya ce, "Ni ba ni amsar goron kowa. Wanda anka ce ya cuci kare, shi za ya ba da ɗiya? Ku nemi wani."

Baba Illa ya ce wa Kawu, "Malam, kai ka yi muna shari'a. Karen ga tun yana ɗan kwikwiyo jikinai bai son nono. Ko hura da nono yal lasa, sai ƙaiƙayi da zawo. Na kai shi wurin likitan dabbobi Buza, yac ce wasu karnuka haka Allah Yay yi su, magani shi na a hana musu. Gidan ga kowa ya sani, tuwon hatsi da romo ɗai aka ba shi. To ga farauta ta matso, ciwo ya dawo. Wa ad da shanu? Wa ad da karen da kullum Barsu ka rigya kama zomo?"

"Ka ji ko!" in ji Baba Amadu. "Ni da hurhurata in bi dare in ba kare nono!"

Ni kuwa tun da na ji kalmar nono kunnena ya yi ɗif. Na fara lissafi a zuci: cuku dai da me ake yin sa? Da nono mana! Kuma ga abin takaici, ko a ranar akwai shi a aljihuna, don na saba, ba na zuwa gidan hannu sake.

Ina addu'ar Allah Ya sa karen yana ɗaure, sai ga shi ya shigo. Duk ya rame, wuya a ɗaye, amma da ya gan ni sai ya hau tsalle kamar an yi masa albishir. Baba Illa har ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Ka gani, Malam, ɗanku ɗai ka sa shi walwala." Na matse aljihu da gwiwar hannu. Na ce "kai, tafi" a hankali. Ina! Barsu ya tura kansa gaba ɗaya cikin aljihun sabuwar shaddata, ya jawo leda, ya girgiza ta. Cuku ya watse a kan tabarma, wani guntu ya gangara ya tsaya daidai gaban Baba Amadu.

Ba ka jin komai sai ƙurus-ƙurus ɗin Barsu yana tauna.

Baba Amadu ya ɗauki guntun, ya juya shi, ya sansana. Ya ce, "Yaro, wanga hwa?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige har da moto. Bakina ya buɗe da kansa na ce, "Baba, na... na karin kumallo na." (La'asar ta wuce fa.)

Daga bayan zana na ji muryar Rabi, ba ta ko rage ta ba: "Ashe jinin gidansu ke nan!" Matan gida suka kwashe da dariya. Kawu ya sauke hularsa ya rufe fuska. Baba Amadu ya yi dariya har da tari, yana nuna wansa da cukun, yana cewa, "Illa, ga shanun nawa! Ga su cikin aljihun surukinka!"

Baba Illa bai yi dariya ba. Ya kalle ni, na tabbata Rabi ta kuɓuce mini. Sai ya juya ga ƙaninsa ya ce, "Amadu, na zarge ka bisa banza, ka gahwarta mini." Sannan ya ce goron yana hannun wanda aka ɓata wa suna, in ya ga dama ya karɓa. Baba Amadu ya share hawayen dariya ya ce zai karɓa, ko don ya riƙa ganina yana tunawa. Amma da sharaɗi: ni zan yi jinyar Barsu har gashinsa ya dawo.

Haka na yi ta zuwa Deule ina wanke kare da sabulu, ina shafa masa maganin da likita ya bayar, ina dama masa tuwon hatsi, 'yan kabu-kabu abokan aikina suna kirana Angon Barsu. Da aka daina cuku susa ta lafa, gashi ya fito. Farautar shekarar dai ta wuce shi, karen Baba Amadu ya kama zomayensa son ransa, kuma har yau ana tuna mini.

An ɗaura aure, yanzu har da 'ya'ya. Na koyi cewa kafin ka yi wa wani alheri, ko kare ne, ka tambayi masu shi abin da cikinsa yake ɗauka. Na kuma koyi darajar soyayyar da aka saya da cuku: ranar da Barsu ya warke ya sansana aljihuna ya ji wayam, ranar ya koma yi mini haushi. Har gobe in na je gaida surukaina, a kan moto nake yin sallama.