Rasuwar Nonyane a Hawan Moshupa

Cikin alhini, da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Mma Tlamelo Rantao ta garin Kanye, tsohuwar shugabar makarantar firamare, na sanar da 'yan uwa da abokan arziki da 'yan ƙungiyar mawaƙan coci rasuwar motarta Nonyane, wadda ta cika ranar Asabar da rana tsaka a kan hanyar Moshupa, bayan gajeruwar rashin lafiya.

Marigayiyar 'yar ƙarama ce mai kujera biyu, launin ruwan ƙwai, rufinta na tamfol. An haife ta a Japan, ta tsallako teku ta sauka a Durban, ta shigo gidan Mma Rantao a shekarar da ta yi ritaya. Mota ce mai ladabi. Ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba, ko a sanyin Yuni, lokacin hunturun ƙasar nan, kuma ba ta da haɗamar mai. Duk wanda ya dubi gabanta sai ya rantse murmushi take yi, ko da awaki sun kwana a kanta.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi don ta mutu ba: hawan tudu na ba ta wuya. Duk Asabar sai Rre Otsile, yayan Mma Rantao, ya wuce su a hawan Moshupa da a-kori-kurarsa yana janye da kejin shanu, ya leƙo ta taga ya ce, "Ƙanwata, in takalmin ya matse ki, ki cire ki tako da ƙafa!" Mma Rantao ta ladabtar da 'ya'yan rabin garin, amma wannan tsohon ya gagare ta. Dalilin da ya sa aka kai marigayiyar a sa mata turbo ke nan.

Bisa al'ada, wanda ya yi jinya shi ke bayanin ciwon ajali. Ga abin da Rre Kealotswe, makanikenta, ya shaida.

Ya ce turbo na danna wa inji iska, iskar kuwa da zafi take zuwa, dole a sa lagireton da zai sanyaya ta. Ya kawo guda biyu ya jingine a bango, babba da ƙarami.

"Mma, babban nan shi ne daidai da zafin ranar ƙasarmu. Sai dai fa sai na yanke mata bamba."

"Ka yanke me?"

"Bakin nan nata. Ɗan kaɗan."

"Rre, kai in ka je asibiti da tari, leɓe ake yanke maka? Sa ƙaramin."

Aka sa ƙaramin, ya ɓuya a bayan murmushin. Sai aka zo kan bawul ɗin da ke buɗewa ya saki hayaƙi in matsi ya yi yawa, don kada turbo ta fi ƙarfin inji. Shi ma sifirin ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke danne shi, iri biyu ne: mai laushi da ke buɗewa da wuri, da mai tauri da ke cijewa.

"Wanne ne zai wuce Otsile?"

A nan Rre Kealotswe ya yarda cewa shi ma zuciya ta ɗebe shi, domin ya taɓa gyara wa Otsile giya aka biya shi da kankana. Ya ɗauki mai taurin ya ce, "Da wannan ko jirgi ne sai kin wuce shi, Mma."

Marigayiyar ta fito da sabuwar murya. In aka taka ta sai ta ce fiiiiii, in aka ɗaga ƙafa ta ce tsu-tu-tu-tu, kamar yarinyar da aka yi wa cakulkuli. Duk damuna da hunturu lafiyarta ƙalau. Mma Rantao ta yi ta jiran yayanta a hanya, shi kuwa ciwon gwiwa ya zaunar da shi a rugarsa.

Bai fito ba sai a Oktoba, ranar da kwalta ke narkewa. Ta hango kejin shanun a gindin tudu. Ta gyara zaman hularta ta coci, ta sauke giya, ta take totur har ƙasa. Nonyane ta yi fiiiiii irin wadda ba a taɓa ji ba. A tsakiyar hawan wata ƙara ta taso daga cikinta, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Mma Rantao ta ji, ba ta musa ba. Amma a lokacin tana daidai tagar yayanta, tana ganin bakinsa a buɗe.

"Yaya, in saniyar ta gaji ka sauka ka goya ta!"

Ta wuce shi. Shaidu sun tabbatar, har da shanun. Nonyane ta kai ƙololuwar tudun, ta yi tari, ta saki farin hayaƙi, ta gangara gefen titi a hankali, ta yi shiru. Iska mai zafi da matsi sun huda mata fistan.

Rre Otsile ne ya tsaya. Ya sami ƙanwarsa ta kifa kai a sitiyari. Bai yi dariya ba, ya cire hularsa, ya ɗauko igiya ya ɗaura gawar a bayan kejin shanu. Sai da suka iso ƙofar gida ya ce, "Kin wuce ni, Tlamelo. Zan faɗa a gaban kowa."

Marigayiyar ta rasu ta bar uwar ɗakinta. Da turbo marainiya, wadda ke cikin ƙoshin lafiya. Da tayoyi huɗu masu sauran ƙuruciya. Da babban lagireton nan da har yanzu ke jingine a bangon gareji. An roƙi masu zuwa gaisuwa kada su ambace shi.

Za a yi addu'o'i kowace yamma a gidan Mma Rantao, akwai shayi da burodi. Ranar Asabar da sassafe za a raka gawar bayan garejin Rre Kealotswe, inda za a kwantar da ita a ƙarƙashin bishiya. Rre Otsile ya ba da sa guda don seswaa, dakakken naman da ake ci a wurin jana'iza, kuma shi zai yi jawabin dangi.

Daga yanzu shi zai riƙa kai Mma Rantao coci a a-kori-kurarsa. Masu neman ta don ta'aziyya, in ba su same ta a falo ba, su zagaya bayan gida. Tana can ta buɗe bonetin motar yayanta, da tef ɗin awo a hannu, tana nema wa marainiyar turbo wurin zama.

Allah ya ji ƙan Nonyane, ya kuma kare motar Otsile.