Rasas Mai Taushin Baki

Ba zan taɓa mantawa da wannan "ƙilin" ɗin ba, wanda wayata ta yi a saman firij ranar wata Alhamis, ina tsaka da yanka albasa. Da na san abin da ke cikinsa, da na bar ta ta yi ta ƙilin har Magariba.

Saƙon murya ne daga Baffa, ƙanin mahaifin maigidana, wanda shi ne babba a dangi yanzu. Su haifaffun Makka ne, kakanninsu suka zo aikin Hajji suka zauna. Ni kuwa daga Kano aka kawo ni, kuma duk shekarun da na yi a unguwar Aziziyya Larabcina bai wuce na cefane da gaisuwa ba. Ƙannen maigidana, musamman Nadiya, idan suna hira aka zo wurin dariya sai su juyo su ce, "A fassara wa Ummu Hafsa." (Ba da mugunta suke yi ba, amma Allah Ya sani yana ci min rai.)

Baffa ya ce, "Ya binti, 'yata, wayar mijinki a kashe. Ki ce masa gobe ya zo da rasas kwali biyu, ƙananan nan masu taushin baki. Kada ya sake kawo min masu taurin nan na wancan karon."

Na ji daɗi har raina, domin na san rasas. Duk shekara yana cikin takardar kayan makarantar yara: ƙalam rasas, wato fensir. Baffa yana da jikoki cike da gida, ga shi an kusa komawa makaranta. Me ya rage?

To, sai shaiɗan ya ce da ni, don me za ki gaya wa Abban Hafsa? Yi da kanki, gobe a gaban su Nadiya kowa ya ga an aiko saƙo da Larabci kin fahimta ba tafinta.

(A nan dole in faɗi gaskiya. Na san sarai cewa gobe bayan cin abinci maza za su tafi farautar barewa a wani gandu mai izini, can nesa da iyakar Harami, tunda a nan ko tsuntsu ba a korarsa. Ni da hannuna na shirya wa maigidana jaka. Amma shi a gida harsashi yake cewa, bai taɓa ce min rasas ba.)

Bayan La'asar na ja hannun 'yata Hafsa muka nufi maktaba, wato shagon littattafai. Na tsaya na yi zaɓe kamar mai zaɓen zinare. Wannan ya yi tsawo, wancan ya yi tauri. Na sa mai shagon ya ba ni takarda na dinga zane ina gwadawa, har na samu gajeru masu laushi, baƙi wuluk, ga hoton zomo a jiki. Da muka dawo na zauna na feƙe su ɗaya bayan ɗaya sai da yatsana ya yi bororo. Na mayar cikin kwali, na naɗe da takardar kyauta, har da zare mai ƙyalli.

Ranar Juma'a muka hallara a gidan Baffa a unguwar Shisha. Aka ci shinkafar kabsa, aka sha gahawa. Da na ji maza sun fara maganar tashi, sai na gyara abayata, na tsaya a bakin ƙofar falonsu, na ɗaga murya yadda matan ciki za su ji.

"Ya Ammi, ga rasas ɗin da ka aiko. Kwali biyu, masu taushi."

Duk suka juyo suna kallona.

Baffa ya ce, "Ke kika kawo? Mijinki ya ba ki?"

"A'a, ni na sayo da kaina."

"Kika sayo? A ina?"

"Nan bayan gidanmu. Da ƙafa ma muka je ni da Hafsa."

Na ji wani a cikinsu ya ce la haula. Na ɗauka mamakin ƙoƙarina yake yi.

"Ba su tambaye ki takardar izini ba?"

"Ko kaɗan. Har ya ƙara min guda kyauta, ya ce a bai wa yarinya ta yi wasa da shi."

Maigidana ya miƙe tsaye. "Wane rasas? Yaushe aka aiko?"

Na yi masa murmushin nan na bari ka gani. Baffa ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Kuma ta yaya kika san masu taushi ne?"

"Na gwada su a cikin shagon."

Aka miƙa masa kwalin da hannu bibbiyu, a hankali, kamar ƙwai. Ya warware zaren. Ya buɗe. Ya zaro guda ɗaya, ya ɗaga shi sama, ya taɓa tsinin da yatsa, ya juya ya kalli zomon.

"Masha Allah," in ji shi. "Har an feƙe. Ya binti, barewar wasiƙa za mu rubuta mata, ko jarrabawa za ta zauna?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya ƙware da gahawa. Maigidana ya rufe fuska da mayafin kansa, kafaɗunsa na rawa. A bayana kuwa Nadiya ta zame ta zauna a ƙasa tana dukan kafet, tana cewa, "Rasas harsashi ne, ya habibti! Harsashi!" Karon farko ke nan da aka yi min fassara ban iya cewa na gode ba. Na nemi ƙasa ta tsage, amma tayil ɗin gidan Baffa mai kyau ne.

Abin bai tsaya a dariya ba. Tunda na riƙe saƙon, abin da maigidana ya kulle a mota shi ne ainihin masu taurin da aka ce kada ya kawo. Dole ya koma Aziziyya cikin cunkoson bayan Juma'a ya sauya, mutum biyar na zaune suna jiransa suna kallon agogo. Da zai fita kallo ɗaya ya yi min, ni ma ban nemi ƙari ba.

A cikin jiran ne Baffa ya sa aka ajiye min kujera a bakin ƙofa. Ya ce tunda na shiga harkar, gara in san ta. Bindigarsu ƙarama ce, barewa kuma ba wani jiki gare ta ba. Mai taurin baki ratsa ta yake yi ya fice, ta ruga da ciwo. Mara nauyi sosai kuma fashewa yake a kafaɗa, ya ɓata nama bai kai ciki ba. Mai taushin baki shi ne ke buɗewa idan ya shiga, ta faɗi nan take a yanka ta. Ya ce wancan karon sun yi yini guda suna bin jinin wata a kan duwatsu, da suka same ta tana kwance tana kallonsu, bai iya cin abinci ba ranar.

Sai ga ni ina share hawaye saboda barewar da ban taɓa gani ba, bayan kunyar da na sha ban zubar da ko ɗigo ba. Baffa ya ce, "Halas, ya isa haka, ya binti. Zaɓenki ya fi namu tausayi, babu wadda zai kashe."

Tun daga ranar sunana a dangi ya koma Ummu Rasas, har a katin biki. Na kuma koyi cewa duk saƙon da aka ce ki gaya wa mijinki, to ki gaya wa mijinki. Kalmar da kike ganin kin fi sani ita za ki fara tambaya.

A mota muna komawa gida, ina ta huci, Hafsa ta leƙo daga baya, kwalayen nan biyu a cinyarta.

"Mama, ni fa tun a shago na san harsashi Jaddi Baffa yake nufi. Amma fensira masu zomon nan kin daɗe kina hana ni."